Inuwar da Bara'u Ya Saya

Duk wanda ya san Malam Bara'u a unguwar Levenshulme ta Manchester ya san ba gida ya saya ba, bishiya ya saya aka haɗa masa da gida. Ranar da dillali ya kai su gani, matarsa Zinatu ta bi ɗaki-ɗaki tana ƙwanƙwasa bango tana shinshina warin danshi, shi kuwa ya zarce ta kicin ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya cak. Gidan shi ne na ƙarshe a layi, don haka filin bayansa ya ɗan fi na maƙwabta faɗi, kuma a tsakiyar filin ga wata ƙatuwar bishiya mai santsin jiki, ruwan toka, wadda sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye ta. Zinatu ta leƙo ta ce ɗakin sama yana yoyo.

"Ki dubi inuwa," in ji Bara'u.

Ta ɗaga kai ta dubi sama, wadda tun da suka baro gida yayyafi take yi. "Inuwar me, Malam? Ina ranar take?"

Suka sayi gidan da yoyonsa.

Mutumin Ɗambatta ne. Karatun akanta ya kawo shi Ingila yana saurayi, karatun ya tsaya a hanya, shi kuma ga aure ga ɗiya, sai ya kama tuƙin bas. Kusan shekara talatin yana hawa da sauka a kan Stockport Road, daga cikin gari zuwa ƙarshen layi, ya juyo, ya sake komawa. Hausawan Manchester yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi, amma ba a taɓa jin Bara'u ya yi wa sana'arsa kwaskwarima a gaban kowa ba. In an tambaye shi sai ya ce direba ne, ya ci gaba da shan shayinsa. Mutum ne mai sanyin hali, mai tsabta har ta yi yawa, kuma mai taurin kai irin na masu shiru, wanda ba ka ganewa sai ka zo juya shi.

Abin da ya dame shi a ƙasar nan ba sanyi ba ne, ba kuma kewar tuwo ba, don Zinatu ba ta bar shi ya yi wannan kewar ba. Rashin wurin zama ne. Gidan Ingila ba shi da zaure. Kana buɗe ƙofa ka yi taku biyu, ga ka a falo, ga matar gida da ludayi a hannu. Namijin da ya tashi a Ɗambatta ko Gumel ba zai faɗa wa mutum gida haka kawai ba. Sai an buga waya, an sa rana, uwargida ta ɗora tukunya, baƙo ya zo ya zauna a bakin kujera yana jin ya ɗora wa mutane nauyi, kafin hira ta yi daɗi ya ce bari ya gudu. Wannan ziyara ce. Bara'u kuwa majalisa yake so, inda mutum zai zo ba a gayyace shi ba, ya tashi ba a raka shi ba, in ya ga dama ma ya yi gyangyaɗi a tsakiyar maganar wani.

To filin bayan gidan yana da 'yar ƙofa da ke fita lungun da ake jera kwandunan shara. Mutum zai iya shigowa ta nan har gindin bishiya, Zinatu ba ta ma san ya zo ba. Wannan Bara'u ya hango tun ranar farko, yayin da ita take lissafin yoyo.

Ya karrama bishiyar kamar yadda ya ga ana karrama bishiya a gida. Da farko ya nome ciyawa, ya kwashe ruɓaɓɓen ganyen da ya yi shekaru yana taruwa. Ya ga saiwoyi sun fito fili sun yi rashe-rashe a kan ƙasa, abin ya ba shi tausayi, ya ce an bar baiwar Allah tsirara, ya sa aka kawo ƙasa ya rufe su. Sannan shi da amininsa Ɗan'azumi suka zagaye gindin da bulo, suka cika da ƙasa, suka dafe saman da siminti har jikin ɓawo, ba su bar ko kafar da tururuwa za ta bi ba. Dakali ya fito sumul, daidai zaman dattijo. Sauran filin ma suka malale shi da siminti don shimfiɗa. Ya shafa wa gindin farar ƙasa. Kullum da safe kafin ya fita aiki sai ya share wurin tas, in ganye ɗaya ya faɗo bayan ya ajiye tsintsiya sai ya koma ya tsince shi.

Ɗan'azumi mutumin Gumel ne, ya girme shi da kaɗan, ya yi aikin gadi a manyan shaguna har ƙafafunsa suka ce sun gaji. Matarsa ta rasu, ɗiyarsa Marwa ta yi aure a Birmingham, shi kaɗai yake zaune a wani ɗan gidan gwamnati. Duk shirun da Bara'u ya tara, Ɗan'azumi ne yake kashe masa shi. Ba ya rasa musu. In ka ce yau akwai sanyi, zai ce ba ka ga sanyi ba. Shi ne farkon zuwa ranar Lahadi bayan azahar, shi ne na ƙarshen tashi. Sai Dakta Lawal, tsohon likita, wanda a gindin bishiyar nan kaɗai ake iya ce masa ƙarya yake yi ya yi dariya. Sai Sha'aban, ƙaraminsu, mai dafa shayi. Wasu kan zo su wuce, amma waɗannan su ne 'yan gida. Da sanyi su ɗaura tamfol, su sa garwashi a kasko, maƙwabta su leƙo ta taga su ga tsofaffi cikin kwat a kan doguwar riga, zaune ƙarƙashin bishiyar da ko ganye ɗaya babu, suna gardama a kan siyasar ƙasar da rabon wasunsu da ita an manta. Sun fi shekara goma sha biyar a haka.

Marwa ta sha roƙon mahaifinta ya koma wurinta. Amsarsa ɗaya ce kullum: "In na tafi wa zai riƙa gyara wa Bara'u magana ranar Lahadi?"

Ciwon bishiya ba ya zuwa da ihu. Wata shekara ganyen ya fito ƙanana. Wata shekara ya fara zuba tun damina ba ta ƙare ba. Rassan can sama suka bushe, suka tsaya fayau. Bara'u ya ga abin, ya ƙara mata ruwa, ya ƙara shara, ya sake shafa farar ƙasa. Sai da wani reshe ya ɓallo da rana tsaka ya fasa rufin ɗan shagon ajiya, sannan ɗiyarsa Latifa, wadda aka haifa a nan, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Baba, wannan tree ɗin is not well. A kira wanda ya sani kafin ta faɗo wa wani a ka."

Sha'aban ya san wani Bobai a unguwar Handsworth ta Birmingham, mutumin Zonkwa, wanda sana'arsa ke nan, hawa manyan bishiyoyin gidajen mutane yana rage musu nauyi yana duba lafiyarsu. Bobai ya zo wata Asabar da motarsa cike da igiyoyi. Ya durƙusa ya gaida Bara'u da Hausar da ta sa Zinatu ta fito daga kicin don ta ga mai ita. Ya hau bishiyar ya daɗe a sama. Da ya sauko ya tsuguna a kan dakalin, ya sa ɗan ƙarfe ya ɓanɓare simintin da ya manne da ɓawo, ya tura yatsa, ya shinshina.

"Baba, wa ya yi wannan ginin?"

"Ni ne," in ji Bara'u, har da ɗan alfahari. "Ni da wani."

"Aiki ya yi kyau, gaskiya." Bobai ya goge yatsansa a wando. "Babana ma haka ya yi wa darbejiyar ƙofar gidanmu, tana nan har yau, ko a jikinta. Amma wannan ba darbejiya ba ce. Beech ce, bishiyar ƙasar nan. Saiwarta ba ta nisa, nan sama-sama take, da ita take numfashi, da ita take shan ruwa. Simintin nan ya toshe ta. Ƙasar da aka tara a wuyanta kuma ta riƙe danshi, ɓawon yana ruɓewa a ciki. Ganyen da kuke sharewa, shi ne abincinta."

Bara'u ya dubi tsintsiyarsa a jingine da bango. Kunya ta kama shi, irin wadda ke kama mutum in ya gano baƙon da yake ta yi wa hidima ashe cutarsa yake yi.

"Za ta tashi?"

"Ba zan yi muku alkawari ba, amma akwai chance. A fasa dakalin, a ɗaga simintin duka, in sassauta ƙasar, in zuba mata ɓarzajjen itace, a kewaye da shinge. Ba zama, ba takawa, har sai ta farfaɗo. Shekara biyar, ko fiye."

"A kewaye daga ina zuwa ina?"

Bobai ya nuna da hannu. Hannun ya zagaye filin gaba ɗaya, in ban da 'yar siririyar hanya daga kicin zuwa ƙofar lungu.

"In kuma aka bar ta haka?"

"Zan iya rage mata busassun rassa don kada su faɗo wa kowa. Ku ci gaba da zamanku. Za ta kai shekara biyar, shida, sannan a sare."

Washegari Lahadi Bara'u ya faɗa wa majalisa yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Dakta Lawal ya ce abin da ya dace a yi shi ne a ceci bishiyar, amma ya faɗe shi da muryar wanda yake fatan a ƙi shawararsa. Sha'aban ya ci gaba da fifita garwashi. Ɗan'azumi kuwa ya buga sandarsa a kan simintin.

"Shekara shida aka ba ta? To mu wa ya ba mu shida? Kai Bara'u, dube ni da kyau. Dubi Dakta. Mu da bishiyar nan tafiyarmu ɗaya, a bar mu mu ƙarasa tare mana. Ka tashe mu don itace ya yi tsawon rai, wa zai zauna a ƙarƙashinsa? Baturen da zai sayi gidan bayan ka mutu?"

Ba wanda ya yi dariya, don ba wasa yake yi ba. Kuma Bara'u ya san gaskiya Ɗan'azumi ya faɗa. Da a ce musu ne na fatar baki, da Ɗan'azumi ya ci, kamar kullum. Bara'u ma a ransa ya yanke cewa a bar dakalin, ya gaya wa Zinatu haka, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Sai dai sani ba ya komawa inda ya fito. Lahadin da ta biyo ya zauna a wurinsa na kullum, ya jingina da gindin, ya kasa sakin jiki. Ji yake kamar a ƙirjin majiyyaci yake zaune. Ya tashi ya ɗauko kujera. Lahadi ta gaba ma kujerar ta gagare shi, don ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunta. Ana hira yana kallon sama. Da safe in ya ɗauki tsintsiya sai ya tsaya da ita a hannu. Shi mutum ne da ya yi shekara talatin yana tsayawa ya jira tsohuwa ta sami kujera kafin ya ja bas, ko da na baya suna tsaki. Ba zai iya zama yana shan shayi a kan abin da yake shaƙewa ba, alhali ya sani. Ba wai ya fi son itace da amininsa ba ne. Abin ne ya fi ƙarfinsa.

Ya buga wa Ɗan'azumi waya ya gaya masa za a fasa dakalin. Ya ce za a koma falo, Zinatu ta yarda za ta riƙa hawa sama ranar Lahadi, ba abin da zai canza.

"Falo," in ji Ɗan'azumi. "To."

Wannan ne karo na farko da bai yi musu ba, kuma Bara'u ya fi son a ce ya zage shi.

Ranar fashin dakali Ɗan'azumi bai zo ba. Bobai ya hana a sa inji kusa da gindin, don haka da guduma aka bi shi a hankali, Bara'u ya ce shi zai fara. Ginin ya yi ƙarfi, don ba su yi ha'inci ba ranar da suka yi shi. Da aka yaye ƙasar, wuyan bishiyar ya fito baƙi ƙirin, jiƙe, yana wari. Bara'u ya sa tafin hannu a wurin, hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba. Bobai ya juya ya shiga warware tiyon iskar da zai huhhura ƙasa da shi. Kafin la'asar fili ya koma kamar gonar da aka yi watsi da ita, an baza guntayen itace, an kafa shinge. Bobai ya ce ko ganye ya taru har gwiwa kada a taɓa.

Majalisar falo ta yi abin da Bara'u ya san za ta yi. Lahadin farko kowa ya zo, aka cire takalma a bakin ƙofa, aka zauna gwiwa a haɗe kamar an zo gaisuwar mara lafiya. Zinatu ba za ta iya ganin maza a falonta ba ta dafa komai ba, ta dafa, suka ci suna godiya suna jin nauyi. Suna jin takunta a sama sai su rage murya. Dakta Lawal ya fara wani labari da ba a yi a gaban mata, ya tuna inda yake, ya haɗiye rabinsa. Daga nan aka fara buga waya kafin a zo, sannan aka fara buga waya a ba da haƙuri. Ɗan'azumi ya zo sau biyu ko uku, ya zauna da hularsa a gwiwa yana duba agogon bango. Da sanyi ya shigo Marwa ta sake roƙonsa, wannan karon ba shi da amsar da zai ba ta. Ta zo da mota ta kwashe shi da kayansa zuwa Handsworth.

Bara'u ya shiga jinyar bishiya. Ya koyi haƙuri da ƙazanta, wanda a wurinsa ba ƙaramin jihadi ba ne. In an kwana biyu ba ruwan sama ya tsaya a bayan shinge ya miƙa tiyo. Bazarar farko ba abin da ya canza, ya yi ta zullumi ko ya tashi mutane a banza. A ta biyu, wata safiya, Zinatu ta kira shi taga ta sama. Can ƙololuwa, a gefen rassan da Bobai ya datse, ga tofo ya fito kore shar, ganyen kuma ya fi na bara faɗi. Ya ɗauki hoto ya tura wa Bobai. Bobai ya ce alama ce mai kyau, amma kada a yi gaggawa, shingen ya ƙara shekara uku ko huɗu.

Murna ta kama Bara'u, ya rasa wanda zai gaya wa da zai ji daɗin gayawar. A satin ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Gidan Marwa gida ne mai kyau, kuma ba wanda zai ce ba ta kula da mahaifinta. Amma ita da mijinta aiki suke fita tun safe, jikoki kuma in sun dawo makaranta Turanci suke yi masa, irin na Birmingham, wanda ya ce ko rabi ba ya kamawa. Maƙwabciya ce ta buɗe wa Bara'u ƙofa. Ya tarar da Ɗan'azumi a ɗakin baya na sama, kan kujera a bakin taga, ƙafafunsa sun kumbura an ɗora su a kan matashi. Ya rame. Da ya fara magana sai da ya yi ta gyaran murya, kamar bakin ya kwana biyu ba a buɗe shi ba.

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ya tambayi Zinatu, ya tambayi Latifa, Dakta, Sha'aban, har maƙwabcin da ke ƙorafin hayaƙin garwashi. Suka yi azahar tare, shi a zaune. A hankali bakin ya saki, har ya ƙaryata Bara'u a kan shekarar da aka yi wata ambaliya a Gumel, Bara'u ya ji daɗin ƙaryatawar har cikin ransa. Wayar da hoton ke ciki tana aljihunsa, ya kasa fito da ita. Da la'asar ta yi ya miƙe ya sa kwat, ya ce bari ya kama hanya kada jirgi ya wuce shi.

"Ba ka ba ni labarin mutuniyar ba," in ji Ɗan'azumi. "Ta tashi?"

"Ta fara tofo a sama."

Ɗan'azumi ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi. Wallahi kullum tsorona kada mu yi biyu babu." Ya buɗe ido. "Yaushe za a cire shingen?"

Bara'u ya so ya ce an kusa. Bai iya ba. "Yaron ya ce sai nan da shekara uku, ko huɗu." Ya ƙara da cewa, "Allah ya kai mu."

Ya jira amin. Ɗan'azumi yana kallon ƙafafunsa a kan matashi. Can ya ɗago.

"Bara'u, jirgin nan ba guda ɗaya ba ne, ko? Marwa ba ta dawowa sai magariba. Kada ka tafi tukuna."

Bara'u ya cire kwat ɗin, ya rataye a bayan ƙofa, ya jawo kujera ya zauna.